Neman gurbi a manyan jami'o'in cikin birni na Amurka: me suke dubawa, kuma yaya zaman yake?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina ajin ƙarshe na sakandare kuma sakamakona yana da kyau. Ina son in nemi digirin farko a ɗaya daga cikin jami'o'in Amurka da ke tsakiyar birni, irin su Columbia ko Jami'ar Niyu Yok (NYU) ko Jami'ar Shikago, amma iyayena ba za su iya biyan kuɗin ba. Me suke dubawa, yaushe ake nema, kuma idan an samu yaya rayuwar ɗalibi take a can?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Maganar kuɗin da kika saka a tsakiyar tambayarki ita ke riƙe da linzamin sauran, don haka da ita zan fara, duk da na san ba ita kika fi ɗokin ji ba.

Jami'o'in da kika ambata duka masu zaman kansu ne. Idan aka haɗa kuɗin karatu da na ɗaki da abinci da littattafai da inshorar lafiya, shekara ɗaya tana cin kusan dala 90,000, digirin kuma shekara huɗu ne. Baƙon ɗalibi ba ya samun tallafi ko bashin gwamnatin tarayya, saboda haka fom ɗin FAFSA da za ki yi ta cin karo da shi a intanet ba naki ba ne. Abin da ya rage shi ne aljihun jami'ar kanta, kuma a nan jami'o'in sun kasu uku.

Kashi na farko ba sa duba ƙarfin iyayenki lokacin da suke yanke shawarar ɗaukarki, kuma idan sun ɗauke ki sai su cike duk giɓin da lissafinsu ya nuna. A shafukansu za ki ga an rubuta need-blind. Masu yi wa baƙo haka ƙalilan ne, irin su Harvard, MIT, Yale, Princeton, Dartmouth, Amherst da Brown. Kashi na biyu, inda Columbia da Penn (Jami'ar Pennsylvania) da Shikago da Johns Hopkins suke, suna duba yawan abin da kike buƙata kafin su ce eh, amma in sun ce eh ɗin suna biyan buƙatar da suka tabbatar gaba ɗaya. A aikace, wadda ta nemi tallafin dala 85,000 tana bin ƙofar da ta fi ƙunci a kan wadda za ta biya da kanta, ko da takardunsu iri ɗaya ne. Kashi na uku su ne masu ba ki gurbi su haɗa da ragin dala dubu ashirin ko talatin, su bar ki da sauran. Wasiƙar tana da daɗin karantawa, amma ga mai irin halinki ita da a'a duk ɗaya ne.

Akwai hanyar gane kashin da jami'a take ciki ba tare da dogaro da tallarta ba. Yawancinsu suna fitar da wata takarda duk shekara mai suna Common Data Set. Ki rubuta sunan jami'ar tare da wannan suna a Google. Sashen H6 yana faɗin baƙin ɗalibai nawa aka ba tallafi da matsakaicin abin da kowa ya samu. Sashen C7 yana jera abubuwan da suke dubawa da nauyin kowanne, C9 kuma yana nuna makin jarrabawar waɗanda suka shiga. Idan kika ga matsakaicin tallafin bai kai rabin kuɗin shekara ba, ki cire wannan jami'a daga jerinki komai son da kike yi mata.

Fom ɗin neman tallafin da yawancinsu suke amfani da shi shi ne CSS Profile, ana buɗe shi ranar 1 ga Oktoba. Yana tambayar abin da iyaye suke samu a shekara, ajiyar banki, gida, filaye, sana'a, yawan mutanen da suke ci a ƙarƙashinsu da yaran da ake biya wa makaranta. Idan iyaye sun rabu, galibi kowanne sai ya cika nasa. Za a buƙaci shaida: wasiƙar wurin aiki mai nuna albashi, takardun haraji, bayanan asusun banki. Kurakurai biyu ne suka fi cin mutane a nan. Na farko, ƙarin sifili ɗaya wajen rubuta kuɗi, wanda kan mayar da ƙaramin ma'aikaci attajiri a idon jami'a. Na biyu ya fi muni: mutum ya ce ba ya buƙatar tallafi don a fi saurin ɗaukarsa, da nufin ya roƙa bayan ya shiga. Jami'o'i da yawa sun rubuta ƙarara cewa baƙon da bai nemi tallafi tun farko ba ba zai iya nema ba har ya gama.

Sai lokaci. Karatu yana farawa ƙarshen Agusta ko cikin Satumba, neman gurbi kuwa kusan shekara guda kafin nan ake yin sa. Dandalin Common App, wanda da shi ake nema a jami'o'i sama da dubu, yana buɗe sabuwar shekara ranar 1 ga Agusta, kuma mutum ɗaya yana iya aika wa jami'o'i 20. Zagayen farko ana rufe shi 1 ga Nuwamba, amsa ta zo tsakiyar Disamba. Babban zagaye ana rufe shi a makon farko na Janairu, amsa ta zo ƙarshen Maris, ke kuma ki faɗi inda kika zaɓa kafin 1 ga Mayu. Yawancin jami'o'in suna karɓar kuɗin fom, amma ana yafewa ga wanda ya nuna ba shi da hali, kuma neman yafiyar a cikin Common App ɗin ake yi.

Zagayen farkon nan yana buƙatar natsuwa. A Columbia da Penn sunansa Early Decision, kuma alkawari ne mai ɗauri: ke da mahaifi ko mahaifiya da jami'in makarantarku za ku sa hannu cewa idan an ɗauke ki za ki je, ki kuma janye sauran takardunki. Jami'a ɗaya tak ake yi wa wannan alkawari, taura biyu ba ta taunuwa. Hanyar fita ɗaya ce, wato tallafin ya gaza. Shikago tana da wannan, tana kuma da wani zagayen farko marar ɗauri, sannan ita da NYU suna da zagayen alkawari na biyu a farkon Janairu. Za ki ji ana cewa an fi ɗaukar mutane a zagayen alkawari. Gaskiya ne a alƙaluma, sai dai a cikin alƙaluman akwai 'yan wasan da masu horarwa suka riga suka zaɓa da 'ya'yan tsofaffin ɗalibai. A ganina, ga mai neman cikakken tallafi alkawarin yana da ma'ana ne kawai a jami'ar da ke biyan buƙata gaba ɗaya, kuma in takardu sun kammala kafin tsakiyar Oktoba. Abin da kike sadaukarwa shi ne damar ajiye wasiƙun tallafi biyu ko uku ki gwada su.

Idan lokacin bana ya ƙure miki, jiran shekara ɗaya ba laifi ba ne a wurinsu, muddin za ki iya faɗin abin da kika yi da ita. Amma ki lura da wani tarko: idan kika yi rajistar digiri a wata jami'a kina jira, da yawansu za su ɗauke ki a matsayin mai sauya makaranta, ba sabuwar ɗaliba ba, kuma tallafin baƙi masu sauya makaranta ɗan mitsitsi ne, a wasu wuraren ma babu.

Yanzu abin da suke dubawa. Columbia tana ɗaukar kusan mutum 4 cikin 100, Shikago da Penn ba su yi nisa da haka ba, NYU kuwa tana karɓar takardun mutum sama da 100,000 a shekara. A irin wannan cunkoso maki mai kyau bakin ƙofa kawai yake kai mutum, domin yawancin waɗanda ake mayarwa su ma makinsu yana da kyau. Mai karanta fayil ɗinki mintuna kaɗan gare shi, kuma abin da yake nema shi ne ya iya faɗa wa kwamiti ko ke wace ce a jimla biyu.

Abu mafi nauyi shi ne sakamakon shekaru uku zuwa huɗu na ƙarshen sakandare, zango bayan zango, ba jarrabawar fita kaɗai ba. Makaranta ce take aikawa ta hannun shugabanta ko malamin da aka wakilta, ba ɗaliba ba. Tare da shi ana son takarda mai shafi ɗaya da ke bayyana makarantar: ɗalibai nawa ne a ajin ƙarshe, yaya ake ba da maki, wane maki ne mafi girma da ake samu a zahiri, waɗanne darussa ake koyarwa. Makarantu da yawa ba sa haɗa wannan, sai mai karatu ya ga 78 ya ɗauka matsakaici ne, alhali shi ne na ɗaya a aji. Ki roƙi a rubuta ta, kuma a saka matsayinki a aji.

Jarrabawar SAT, wadda ake rubutawa don neman shiga jami'a a Amurka, makinta daga 400 zuwa 1600 ne. Da kwamfuta ake yin ta yanzu, sa'a biyu da minti 14: tambaya 54 ta karatu da rubutu, 44 ta lissafi. Kowane ɓangare gida biyu ne, kuma yadda kika yi a gidan farko shi ke sa a ba ki na biyu mai wuya ko mai sauƙi. Mai sauƙin yana da iyakar makin da ba ya wucewa, don haka sakaci a tambayoyin farko ya fi tsada. Yawancin waɗanda suke shiga waɗannan jami'o'i da maki suna da 1500 zuwa sama. Shikago ta daina tilasta jarrabawar tun 2018, wasu da suka sassauta lokacin annobar korona sun dawo da ita, MIT a 2022, Harvard da Yale a 2024, Penn daga baya. Ki duba dokar shekarar da za ki nema. Shawarata ita ce ki rubuta ko da ba dole ba ne, domin mai karatun da bai san makarantarku ba yana buƙatar ma'auni ɗaya da ya sani. Ki shirya rubutawa sau biyu, saboda da yawansu suna haɗa mafi kyawun makin kowane ɓangare. Jarrabawar Turanci kuwa, TOEFL ko IELTS ko Duolingo, wasu suna yafe ta ga wanda ya yi sakandare da Turanci, wasu sai sun gani. A IELTS ana son 7 zuwa 7.5, kuma sakamakon shekara biyu yake aiki.

Wasiƙun shaida uku ne: ta jami'in makaranta da ta malamai biyu da suka koyar da ke manyan darussa a shekaru biyun ƙarshe. A nan takardun baƙi suka fi rauni. Malam zai rubuta layi huɗu cewa yarinya ce mai ladabi da ƙwazo, ya buga hatimi. Wannan wasiƙa ba ta cutarwa, ba ta kuma amfanar da komai. Wadda ake so ita ce mai misali: tambayar da kika taɓa yi da ta tsayar da aji, aikin da kika sake sau uku ba a sa ki ba, inda kike idan aka gwada ki da ɗaliban da malamin ya koyar a shekara goma. Ki ba su wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi, ki ba su takardar tuni game da abubuwan da kika yi a ajinsu, amma kada ki rubuta musu. Su za su ɗora wasiƙar da kansu ta imel ɗinsu, kuma idan fom ya tambaye ki ko kin yafe haƙƙin ganinta, ki ce kin yafe, don an fi yarda da wasiƙar da ɗalibi bai gani ba.

Wurin ayyukan da ba na aji ba yana da gurbi goma, kowanne harafi 150 na bayani. Ba dole a cike goman ba. Abu uku da aka daɗe ana yi sun fi goma da aka tsinta a watan Satumba. Kula da ƙanne, taimakon sana'ar gida da koyar da yara duk suna shiga, fom ɗin ma yana da rukunin ɗawainiyar iyali. Ki rubuta adadi: yara nawa, sa'a nawa a mako, shekara nawa.

Babban insha'i kalma 250 zuwa 650 ne, kuma guda ɗaya ne yake zuwa duk jami'o'in. Kuskuren da aka fi yi shi ne a mayar da shi tarihin rayuwa daga haihuwa, ko jerin wahalhalu, ko alkawarin dawowa a ceci ƙasa. Ki ɗauki abu ƙarami da kika sani ciki da waje, ki nuna yadda kike tunani a kansa. Idan wata ɗaliba za ta iya sa sunanta a kan abin da kika rubuta ba tare da ta canza komai ba, bai yi ba tukuna. Rubutun da dillali ko manhajar kwamfuta ta yi yana da santsi irin wanda masu karatu suka saba gani, kuma idan muryarsa ta saɓa da makinki na Turanci da abin da malamai suka faɗa, shakka ta shiga fayil ɗin duka. Bayan wannan kowace jami'a tana da nata gajerun tambayoyi. Columbia tana son jerin abubuwan da kike karantawa da saurara don kanki. Shikago ta yi suna da tambayoyi masu kama da wasan ƙwaƙwalwa, inda ake son a ga yadda hankalinki yake wasa da abu. Kusan dukansu suna tambayar dalilin da ya sa kika zaɓe su, kuma a jami'ar birni amsar da ta fi yawa ita ce yabon birnin. Kada ki bi wannan layi. Niyu Yok tana da jami'o'i da dama, wanda ya ce birnin yake so bai faɗi komai game da Columbia ba. Ki ambaci kwas biyu da sunansu, da tsarin karatun, da abin da za ki yi da su.

Tsarin karatun kuwa ya bambanta ƙwarai. A Columbia, wadda aka kafa a 1754, akwai darussan dole da suka samo asali tun 1919: ko lissafi kika je karanta, sai kin zauna a ƙaramin aji na mutum ashirin da 'yan kai kuna karanta adabi da falsafa daga Girka ta dā zuwa zamani, har da gwajin iyo kafin a kammala. Shikago ma tana da nata darussan dole masu nauyi. A Penn makaranta ɗaya cikin huɗu ake nema: adabi da kimiyya, injiniya, aikin jinya, ko Wharton ta kasuwanci. A NYU ma makaranta ake zaɓa tun a fom, kuma komawa ta kasuwanci daga baya yana da wuya. A fom ɗin kuma ana iya nuna sha'awar rassanta na Abu Dabi da Shanghai. Idan likitanci ko lauya kike nufi, ki sani ba a yin su a digirin farko a Amurka, sai bayan an gama shekara huɗun, kuma makarantun likitanci masu ɗaukar baƙi ba su da yawa.

Kada jerinki ya zama manyan nan zalla. Jami'a goma zuwa goma sha biyar, a ciki har da ƙananan kwalejoji masu ba baƙi tallafi mai kauri waɗanda ba a cika jin sunansu ba. Cibiyoyin EducationUSA na ma'aikatar harkokin wajen Amurka suna ba da shawara a kan wannan, ba sai an biya dillali ba.

Idan amsa mai daɗi ta zo, ki karanta wasiƙar tallafin da biro a hannu. Nawa ne kyauta, nawa ne bashi, nawa ake sa ran ki samo da aikin cikin makaranta? An saka inshorar lafiya, wadda ita kaɗai dubban daloli ce? An saka kuɗin jirgi? Idan akwai giɓi, ana rubuta wa ofishin tallafi a nemi su sake dubawa, da takardun shaida, kafin 1 ga Mayu. Kuma kada ki saki karatu, domin sai an aika sakamakon ƙarshe, kuma ana janye gurbi idan ya faɗi warwas.

Daga nan jami'a za ta ba ki takardar I-20 mai nuna kuɗin shekara da inda za su fito. Da ita za ki biya dala 350 na SEVIS, wato rajistar baƙin ɗalibai, ki cika fom ɗin neman biza na DS-160, ki biya dala 185 na bizar F-1, ki je ganawa a ofishin jakadanci. Jami'in yana son ya gamsu cewa karatu ne ya kai ki, kuɗin sun isa, kuma kina da niyyar komawa gida. Tun 2025 ana duba shafukan sada zumuntar masu neman bizar karatu, kuma a shekarar gwamnatin Amurka ta taƙaita ba 'yan wasu ƙasashe biza, har da ta ɗalibai. Wannan abu ne da ya kamata ki bincika a shafin ofishin jakadancin tun kafin ki biya kuɗin SAT, ba bayan an ba ki gurbi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ba a kuma shiga ƙasar sama da kwana 30 kafin ranar da ke kan I-20.

Zaman can ya danganta da irin birnin da irin jami'ar. Columbia tana da harabarta a dunƙule mai ƙofofi a arewacin Manhatan, tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa tana bakin ƙofa a titi na 116, kuma tana ba ɗaliban digirin farko ɗaki shekara huɗu. NYU ba ta da katanga ko kaɗan. Gine-ginenta a warwatse suke kewaye da dandalin Washington Square, da tuta mai ruwan shuni ake gane su, makarantar injiniyanta ma tana Buruklin, ƙetaren kogi. Jami'ar Shikago tana unguwar Hyde Park, kusan kilomita 11 kudu da tsakiyar gari, ta fi kama da gari a cikin gari. Penn tana yammacin Filadelfiya, da ƙafa ana isa tsakiyar birni. Shikago da Penn suna tilasta zaman ɗakunan makaranta shekara biyun farko.

Ki riƙe ɗakin makaranta iya ƙarfinki, musamman a Niyu Yok. Masu gidajen haya a can sun saba neman wanda abin da yake samu a shekara ya ninka hayar wata sau 40, ko mai tsaya masa da ke zaune a ƙasar wanda nasa ya ninka sau 80, abin da baƙuwar ɗaliba ba ta da shi. A shekarar farko galibi mutum biyu ne a ɗaki, banɗaki na tarayya. Idan kina son bene na mata zalla ko abincin halal, a fom ɗin ɗaki da ake cikawa kafin a tafi ake faɗa, ba bayan an isa ba. Ki tambayi ko ana rufe ɗakuna da ɗakin cin abinci a hutun Disamba, ki kuma sani tallafi ba ya yawan ɗaukar ɗakin dogon hutun bazara, wata uku cur. Takardar rigakafi ma ki kammala ta tun a gida: dokar jihar Niyu Yok tana buƙatar shaidar rigakafin ƙyanda da hangum da rubela, kuma jami'a tana toshe rajistar kwas ga wanda bai kawo ba.

A aji abin da ya fi girgiza sababbi ba wuyar darasi ba ne, yawan aikin ne da rashin mai bin ka. Kwas huɗu ko biyar ake ɗauka a zango. Ranar farko malami zai raba takardar da ta jera karatun kowane mako da ranakun miƙa aiki da yadda za a raba maki, kuma ba lallai ya sake tunatarwa ba. Jarrabawar ƙarshe wani yanki ne kawai, sauran makin yana cikin aikin mako, gwajin tsakiyar zango da magana a aji. Wadda ta saba cewa shiru a gaban malami shi ne ladabi za ta yi asarar maki a kan ladabinta. Kowane malami yana da sa'o'in da yake zama a ofis don ɗalibai kawai. Ki je tun makon biyu da tambaya ɗaya takamaimai, domin daga nan ake samun aikin bincike da wasiƙar shaida ta gaba. A Shikago zangon gajere ne, kusan mako goma, gwajin farko yana iya zuwa a mako na uku ko na huɗu, wanda ya yi sanyin jiki a farko ba ya samun wurin kamowa. Batun kwafar rubutu kuma ba wasa: jimla ɗaya da aka ɗauko ba a faɗi mai ita ba, ko aikin gida da aka yi tare alhali an ce kowa ya yi nasa, yana kai mutum gaban kwamiti. Dakatarwa ga baƙo tana nufin bizarsa ta taɓu.

Dokar bizar tana da layukan da ba a tsallakewa. Dole ki kasance cikakkiyar ɗaliba, galibi kiredit 12 a zango. Ajiye kwas da zai sauke ki ƙasa da haka ba da izinin ofishin baƙin ɗalibai ba yana karya matsayinki. Aiki a cikin makaranta kawai, sa'a 20 a mako lokacin karatu. Birni cike yake da aikin da ake biya a hannu, kantuna da kai saƙo, kuma kowannensu haramun ne a kan F-1. Aikin koyon sana'a a kamfani sai da izinin CPT, wanda galibi sai an cika shekara ɗaya ana karatu. Bayan kammalawa akwai izinin aiki na OPT na wata 12, da ƙarin wata 24 ga masu kimiyya, fasaha, injiniya da lissafi. A nan ne fa'idar birni take fitowa, don ɗalibar Columbia ko NYU tana iya yin aikin koyon sana'a kwana biyu a mako tana karatu, jirgi ya kai ta cikin rabin sa'a. Wani abu da ba a cika faɗa ba: ɓangaren tallafin da ya wuce kuɗin karatu, wato na ɗaki da abinci, ana cire masa harajin kashi 14 cikin 100, sai in ƙasarki tana da yarjejeniyar haraji da Amurka. Ki tambayi ofishin tallafi ko su suke ɗaukar wannan. Duk shekara kuma akwai fom 8843 da baƙon ɗalibi yake cikawa ko bai samu ko dala ɗaya ba.

Tsaro ba abin tsorata ba ne, abin sani ne. Dokar Clery ta 1990 ta wajabta wa jami'o'i buga rahoton laifukan da aka yi a harabarsu da kewaye duk shekara, ki karanta shi da kanki. Dukansu suna da jami'an tsaro da motar da ke kai ɗalibai ɗaki da dare. Ki ajiye lambar a waya tun makon farko.

Abin da ya fi kayar da ɗalibai shi ne kaɗaici, kuma jami'ar birni ta fi kawo shi. A jami'ar ƙaramin gari kowa yana nan ranar Asabar don ba inda za shi. A birni ana tashi daga aji kowa ya bi jirginsa. Ƙara da sanyi: a Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe huɗu da rabi a Niyu Yok da Shikago, a Janairu kuma Shikago tana kwana da wuni a ƙasa da sifili. Abota a makonni shidan farko ake ƙulla ta, kafin kowa ya sami rukuninsa. Ki shiga ƙungiya biyu masu haɗuwa kowane mako, ɗaya ta waɗanda kuka yi tarayya a addini ko asali, ɗaya ta abin da kike so inda ba ki san kowa ba. Ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi suna da ƙarfi a waɗannan jami'o'i, ana Juma'a a harabar, ana buɗa baki tare da azumi. Idan Sallah ta faɗo ranar gwaji, a makon farko ake sanar da malami. Za ki kuma zauna da 'ya'yan masu kuɗi da ke kashe dala ɗari a cin abincin dare ɗaya. Ki koyi cewa ba za ki je ba tun da wuri, ki riƙe katin ɗalibi, wanda yake shigar da ke gidajen tarihi da yawa kyauta ko da ragi. Ofishin masu ba da shawara kan damuwa yana cikin abin da aka riga aka biya, ki je tun abin bai yi nisa ba.

Duk lokacin da za ki fita ƙasar hutu, ki duba sa hannun tafiya da ke shafi na biyu na I-20. Shekara ɗaya yake aiki, ofishin baƙin ɗalibai ne yake sabunta shi, kuma a makon ƙarshe na zango layin yana da tsawo. Ki duba ranar ƙarewar bizar da ke cikin fasfo ma, domin idan ta ƙare kina cikin Amurka ba matsala muddin I-20 yana aiki, amma da zarar kin fita sai kin sake neman wata kafin ki koma.